Yadda ake samun mashigar bakin teku da asuba don kamun kifi a Outer Banks

Shekarar farko da na kai iyali hutu Outer Banks, jerin tsibiran yashin nan da ke gaɓar Karolina ta Arewa a Amurka, na fito ƙarfe huɗu da rabi na dare da sandar fatsa a kafaɗa. Ina jin rugugin teku kamar a bayan ɗaki, amma har rana ta fito ƙafata ba ta taka yashi ba. Duk lungun da na kutsa sai in ci karo da allo: hanyar masu gida ce, wanda ya ajiye mota za a janye ta. Ni da na koyi jefa ƙugiya a dam ɗin Tiga, inda duk wurin da ka hango ruwa sai ka tuɓe takalmi ka gangara, ban taɓa zaton isa bakin ruwa ma aiki ne mai zaman kansa ba. Tun daga ranar nake neman mashiga da rana tsaka, jajibirin fita, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan da za ka tanada

Na neman hanya su ne kan gaba. Waya mai taswirar da ka sauke tun kana gida, don akwai wurare tsakanin ƙauyuka da sabis ke rauni. Fitilar goshi mai jan haske. Jadawalin cikar teku da janyewarta, ko dai na shafin NOAA, hukumar yanayi da teku ta Amurka, ko ɗan littafin da shagunan kayan kamun kifi ke ajiyewa kan kanta. Lasisin kamun kifi. Takalmi rufaffe, maganin sauro, da riga mai dogon hannu ko da bazara ce, saboda iskar asuba a bakin teku tana da cizo.

Na kamun kifin kuwa, ga mai koyo: sanda mai tsawon ƙafa 9 zuwa 11 da abin naɗe zarenta, dalma mai siffar dala mai nauyin oza 3 zuwa 5, ƙugiyoyi biyu a jere sama da dalmar, guntun bututun roba da ake kafawa a yashi a zura sanda ciki, wuƙa, filaya, ma'aunin inci, da ƙaramar kula da ƙanƙara. Abincin ƙugiya ka saye shi da yamma: jatan lande ko yankakken kifi. Ka auna kayanka da abin da za ka iya ɗauka a tafiya ɗaya cikin yashi mai laushi. Sabon shiga yakan yi lodi kamar mai ƙaura, kafin ya hau tudu ya sauka numfashi ya ƙare.

Idan da mota za ka shiga yashi, doka ta wajabta maka abu huɗu: geji mai auna ƙarancin iskar taya, shebur, jak, da katakon da za a ɗora jak a kai. Ni nakan ƙara igiyar jan mota.

Mataki na 1: Ka san mai wurin kafin ka kama masauki

Nan ne yawancin baƙi ke faɗawa rami, tun suna gida suna zaɓen ɗaki a intanet. A Karolina ta Arewa yashin bakin teku na kowa ne, kana iya tafiya a kansa ka yi kamun kifinka ko a gaban gidan attajiri. Hanyar da za ta kai ka can ita ce matsalar, don ba ka da ikon ratsa filin wani. Saboda haka tambayar da za ka yi ba "gidan yana kusa da teku?" ba ce. Ka tambaya: ta ina ake shiga, kuma ina ake ajiye mota?

Gaɓar ta kasu gida-gida. A arewa akwai garuruwa irin su Duck da Southern Shores, inda mashigai na mazauna ne da masu haya a unguwar. In ba a can ka sauka ba, kada ka ɓata man motarka. Kitty Hawk da Kill Devil Hills da Nags Head suna da mashigan jama'a masu yawa, wasu da filin ajiye mota, wasu 'yar hanyar ƙafa ce kawai. Ana gane su da allo mai shuɗi da ruwan lemo da hoton tsuntsun teku, kuma hukumar kula da gaɓar jihar tana da taswirarsu a shafinta. Mutanen wurin da lambar mil suke kwatance, ba da sunan titi ba. In aka ce maka mil 16, sai ka riƙa duba ƙananan allunan gefen hanya.

Daga kudancin Nags Head sai ka shiga Cape Hatteras National Seashore, gandun gwamnatin tarayya da aka kafa a 1953, mai tsawon kimanin mil 70 a kan tsibiran Bodie da Hatteras da Ocracoke. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma mai tafiya a ƙasa yana iya shiga ko wane lokaci, dare ko rana, in ban da wuraren da aka killace. A ganina nan ne gidan mai sammako. A tsakiyarsa kuma, da zarar ka haye gadar Marc Basnight da aka buɗe a 2019, akwai Pea Island, mafakar tsuntsaye ce ƙarƙashin wata hukuma daban. Can mota ba ta hawa yashi, kuma da hasken rana ake amfani da wurin, don haka ba inda za ka dosa cikin duhu ba ne.

Mataki na 2: Lasisi

Duk wanda ya kai shekara 16 sai da lasisin kamun kifin gaɓar teku na jihar. Akwai na kwana 10, shi ya dace da ɗan hutu. Ana saye a intanet ko a shagon kayan kamun kifi. Ni na fi son shago, don ka biya kuɗin lasisi ka samu labari kyauta: wane kifi ke ci a makon, da me yake ci, wace mashiga ce ruwa ya cinye. Matambayi ba ya ɓata. Ka sayi ɗan wani abu kafin ka fara jero tambayoyi, bakinsu ya fi buɗewa.

Mataki na 3: A ƙasa ko a mota

Ka yanke wannan da wuri, domin shi zai nuna maka ƙarfe nawa za ka iya isa ruwa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne da bazara mai ƙafa ya riga mai mota. Daga 1 ga Mayu ana hana tuƙi a yashin gandun daga ƙarfe 9 na dare, saboda kunkurun teku da ke fitowa yin ƙwai, kuma ba a buɗewa sai ma'aikata sun zagaya sun duba sawunsu. Mashigan da ake fara buɗewa, irin su lamba 4 da 44 da 49 da 72, sukan buɗe tsakanin ƙarfe 6 da 7 gwargwadon wata. To a watan Yuni rana kan fito wajen shida saura kwata. Ka ga ke nan mai mota yana layi a bakin mashiga, mai ƙafa ya riga ya yi awa guda yana jifa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu ne tuƙin dare ke buɗe sosai.

In ka zaɓi mota, sai wadda ƙafafunta huɗu ke ja, mai tsayi daga ƙasa. Takardar izini a shafin intanet na Recreation.gov ake sayenta, ta kwana 10 ko ta shekara; za ka kalli ɗan gajeren bidiyo, ka buga takardar ka ajiye a mota. Izinin gandun ba ya aiki a yashin Nags Head ko Kill Devil Hills, su nasu daban ne, kuma daga Oktoba zuwa Afrilu kawai suke bari. Gargaɗi ga mai motar haya: yawancin kamfanoni sun hana a sauka da motarsu daga kwalta, in ta kafe ko ruwan gishiri ya taɓa ta, aljihunka ne zai yi bayani.

In ba ka da irin wannan mota, babu abin da ka rasa a makon farko. Mashigai da yawa suna da filin ajiye mota a gefen babbar hanya ta NC 12, da gadar katako da ke haye tudun yashi.

Mataki na 4: Zagayen la'asar

Wannan shi ne aikin gaba ɗaya, sauran duk cikon benci ne. Ranar da ka iso, bayan an sauke kaya yara sun lafa, ka duba jadawali ka ga lokacin da teku za ta janye. Ka fita a lokacin, ba sanda, ba kula, daga kai sai waya.

Ka zaɓi mashigai uku kusa da masaukinka, ka je kowacce da kanka. A kowacce ka tsaya ka karanta allon da ke bakin filin tun daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun, don a nan ake ɓoye lokacin da aka hana ajiye mota. Ka duba ko akwai ƙofa ko sarƙa da ake rufewa. Ka ƙirga gurbin motoci. Filin da ke cin mota takwas kafin ka idar da salla ya cika, don in kana sammako wani a tafe ya kwana. Ka taka daga mota zuwa bakin ruwa kana duba agogo, sannan ka ninka lokacin biyu, saboda gobe da kaya za ka yi tafiyar kuma cikin duhu. Ka sa alama a taswirar waya daidai bakin kwanar shiga, ba tsakiyar filin ba. Ka kuma riƙe wata shaida da fitilar mota za ta haska: lambar mil, tankin ruwa, allon lambar mashiga. Da dare hanyar NC 12 duk kamarta ɗaya, yashi a dama, yashi a hagu.

Da ka hau kan gadar katako, kada ka yi saurin sauka. Daga sama ake karanta ruwa, kuma sai teku ta janye take nuna cikinta. Inda ka ga igiyar ruwa tana fashewa ta yi farin kumfa can nesa kaɗan, tudun yashi ne a ƙarƙashi. Tsakanin wannan tudu da gaɓa za ka ga ruwa mai duhu, kwantacce. Wannan kwari ne, nan kifi ke kiwo. Inda kuma tudun ya yanke, kumfa ya ɓace, ruwa na komawa teku ta wata 'yar ƙofa, to ka samu mahaɗa: manyan kifaye ta nan suke shigowa idan ruwa ya cika. Ka tsaya daidai wurin ka sa alama ta biyu. Mashigar da ke da kwari a gabanta ta fi wadda ke da banɗaki da famfo amma gaɓarta shimfiɗe kamar faranti.

Sai dai ka sani, wannan ƙofar da ke kawo kifi ita ce ke jan mutum zuwa cikin teku. Ruwan wurin yana kama da mai lafiya, shi ya sa yake cin baƙi. Ka nuna wa iyalinka shi, ka ce ban da wanka a nan.

Kafin ka koma, ka zagaya shafin gandun ka ga inda aka rufe. Cape Point da ke kusa da ƙauyen Buxton, wurin da ya fi ko'ina suna, yakan rufu makonni da bazara saboda tsuntsaye masu sheƙa a yashi. Ko a buɗe yake ban ba mai koyo shawarar fara zuwa can ba. Idan babban kifi ya shigo, gwanaye kan jeru kafaɗa da kafaɗa cikin ruwa, suna jifa suna matsawa da tsari, wanda zarensa ya harɗe na mutane zai ji maganar da ba ta cikin ƙamus.

Mataki na 5: Haɗa asuba da cikar ruwa

Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika awa 12 da kusan minti 25, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50. Abin da nake nema shi ne safiyar da cikar ruwa ta faɗo kusa da fitowar rana, daga awa biyu kafin cika zuwa awa ɗaya ko biyu bayanta. Ba kowane hutun mako guda ne ke dacewa da safiyoyi irin wannan ba, sai ka duba jadawali ka ga waɗanda suka fi kusa. Ka ware su tun ranar farko ka sanar da uwargida, sauran ranakun na yara ne. Ka tabbata jadawalin da kake dubawa na gefen teku ne. Tsibiran suna da wani ruwa a bayansu, kuma lissafinsa daban yake.

Gari yakan fara wayewa kusan rabin awa kafin rana ta fito, a lokacin nake son dalmata ta riga ta shiga ruwa. Daga nan sai ka yi lissafi da baya: tafiyar yashi, tuƙi, salla. A Yuni alfijir kan keto tun wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, sai in yi salla a masauki in fita. A Oktoba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe bakwai, don haka a bakin ruwa nake yi. Ruwan teku yana alwala, alƙibla kuma arewa maso gabas take. A gaɓar da ke kallon gabas, ka fuskanci teku ka ɗan karkata hagu. Ka shimfiɗa darduma can sama da inda yashi ke da danshi. Na taɓa yin sujada igiyar ruwa ta zo ta gaishe ni.

Da daddare ka duba hasashen yanayi. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne, kuma ko guguwar na can nesa, iskar arewa maso gabas mai ƙarfi tana iya turo ruwa da yashi kan NC 12 har a rufe ta. In ka ga dalmar oza 5 ba za ta zauna ba, ka koma barcinka.

Mataki na 6: Fitar asuba

Ka loda mota tun dare, ban da kula. Gidajen hutu na katako ne, motsi kaɗan ya tashi kowa. Ka gaya wa wani lambar mashigar da za ka, da lokacin dawowa.

Idan ka isa ka tarar fili ya cika, ka wuce ta biyu, dalilin zaɓen uku ke nan. Kada ka saka mota a gefen hanya kan yashi. Kallon tauri yake yi, yana haɗiye taya. Kada ka tare ƙofar gidan kowa, kuma kada ka ce bari in ɗan ratsa ta tsakanin gidajen nan biyu. Zan faɗa maka gaskiya a matsayin ɗan'uwa: baƙo, baƙar fata, da fitila a goshi a bayan gidan mutane ƙarfe huɗu na dare a Amurka, ba matsayin da za ka so ka tsinci kanka a ciki ba ne, komai kyan niyyarka. Ka bi mashigar jama'a, sanda a bayyane, ka gaida wanda ka tarar.

Ta kan gadar katako ko hanyar da aka fitar ake haye tudun yashi. Hawa tudun ta ko'ina laifi ne, ciyawar da ke kansa ita ke riƙe tsibirin. Da ka sauka ka mayar da fitila ja, farin haske yana ruɗa kunkuru da 'ya'yansa, yana kuma ɓata wa maƙwabcinka ido. Wurin da aka kewaye da turaku da igiya, ka zagaye shi. A wajen Rodanthe da Buxton gidaje da dama sun rufta cikin teku tun daga 2020, katako mai ƙusa yakan ɓuya a yashi, shi ya sa na ce takalmi rufaffe.

Mai mota kuma: ka tsaya a kan kwalta ka sauke iskar tayoyi huɗun zuwa psi 20 a kan geji ko ƙasa, ba a tsakiyar mashiga ba inda za ka tare na bayanka. Ka bi sawun da motoci suka riga suka yi, gudu kada ya wuce mil 15 a awa. In ka ji taya ta fara juyawa wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka nan take. Ƙara wuta ƙara binnewa ne. Ka sauka, ka rage iska, ka share yashin gaban taya da shebur, ka gwada baya a hankali. Ka tsaya sama da layin ciyawa da tarkacen da cikar jiya ta bari, nan ne iyakar da ruwa ke kaiwa.

Mataki na 7: Jifan farko

Ka bar tazara mai kyau tsakaninka da wanda ya riga ka. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne ya tattara ƙarfinsa ya wurga can nesa, ya tsallake kifin da ke kiwo taku ashirin daga ƙafarsa. Ka fara da kwarin da ka gani jiya. In abincin ƙugiya ya ƙare, ka duba inda ruwa ke komawa bayan ya bugi gaɓa, za ka ga yashi na ɗan motsi. Ka tona da hannu, akwai wasu 'yan ƙananan ƙaguwa masu kamar ƙwan tsuntsu, kifin wurin ba abin da yake so kamarsu.

Kifin da kowa ke mafarki shi ne jan nan mai ɗigon baƙi a wutsiya, red dram. Ɗaya ake yarda mutum ya riƙe a rana, tsawonsa daga inci 18 zuwa 27. Wanda ya gaza ko ya wuce, ka mayar da shi ruwa da sauri. Dokokin sauran kifaye suna canzawa, wasu ma a tsakiyar shekara, ka duba na makon da kake ciki. Kifin da ake kira bulufish yana da haƙora kamar reza, da filaya ake cire masa ƙugiya.

Idan wani abu ya ƙi

Wanda bai samu zagayen la'asar ba, ko ya iso cikin dare, ya nufi wuri mai babban fili wanda ba a ɓata, kamar Coquina Beach da ke kudu da Nags Head. Wanda kuma ba ya son yashi sam, ko yana tare da dattijo, akwai dogayen gadojin kamun kifi da suka shiga cikin teku, irin su Jennette's Pier. Ana biyan kuɗin shiga, lasisin gadar ya wadatar, ba sai ka sayi naka ba, wasu ma suna ba da hayar sanda. Ka dai kira ka ji ƙarfe nawa suke buɗewa a wannan watan. Mai ƙaramin aljihu yana iya kafa tanti a ɗaya daga sansanonin gandun guda huɗu, Oregon Inlet, Cape Point, Frisco ko Ocracoke, ya tashi ya taka zuwa ruwa. Kwana cikin mota a filin ajiye motoci kuwa an hana. Ocracoke sai da jirgin fito, kusan awa guda daga ƙauyen Hatteras, don haka mai son asubar can, can zai kwana.

Wajen ƙarfe tara masu wanka za su fara fitowa da laimominsu, lokacin naɗe zare ya yi. Ka kwashe guntayen zare da ragowar abincin ƙugiya, ka cike ramin da ka tona. Mai mota ya nemi famfon iska mafi kusa kafin ya hau hanya da gudu, ya kuma wanke ƙarƙashin motar. Sanda da abin naɗe zare a ɗauraye su da ruwan famfo ranar, gishiri ba ya jiran gobe. Kafin ka bar wurin ka sake leƙa kwarin daga kan gadar katako, don iskar dare ɗaya tana iya matsar da shi, sannan ka ƙara minti 50 a kan lissafin yau ka saita agogon gobe.